Minti Arba'in Daga Gombe Zuwa Dutse

Ni ce mai ilimin gidanmu. Haka ake faɗa a Ɗanzomo, kuma ban taɓa musawa ba, don ina jin daɗin jin hakan. Lissafi nake koyarwa a wata makarantar 'yan mata a Gumel. Idan gardama ta kaure a gida kan nisan wani gari ko ranar da wata zai tsaya, sai a ce a bari Juwairiyya ta zo ta duba a wayarta. Mahaifina, Malam Ɗalha, bai taɓa kiran sunana ba, don ni ce 'yar fari. Tun ranar da na fara aiki ya laƙaba mini "Malama", yana faɗa yana murmushi kamar mai tsokana, amma na san har zuciyarsa ne.

Ranar wata Laraba ce cikin kaka. Baba ya yi sammako ya tafi gona kakkaɓe riɗi, don washegari Alhamis kasuwar Maigatari ce. An yanke riɗin tun makonni biyu, an ɗaure an jingine shi tsaye yana bushewa. Ya zura hannu ƙarƙashin dami zai ɗaga, sai ya ji kamar ƙaya ta soke shi a gindin babban yatsa. Kububuwa ce, 'yar ƙarama mai launin ƙasa, ko kamu biyu ba ta kai ba. Maƙwabtan gona suka kashe ta suka jefa a leda, suka sako Baba a mota zuwa asibitin Gumel tare da ƙanwarsa, Goggo Lauratu, wadda ta riƙe mu tun rasuwar mahaifiyarmu.

Ina cikin aji aka kira ni. Ban san na fito da alli a hannu ba sai da na isa ƙofar asibitin.

Abin da ya fara ba ni tsoro shi ne yadda na tarar da shi lafiya lau. Yana zaune a bakin gado, hannun ya ɗan kumbura, yana yi wa Goggo faɗan an bar masa riɗi a buɗe, awaki za su shiga. Likitan, wani siririn mutum mai suna Abdulbaƙi, ya ɗebi jininsa ya zuba a 'yar kwalba, ya ajiye a kan taga, ya ce kada kowa ya taɓa sai bayan minti ashirin. Na tsaya ina kallon agogo. Da lokaci ya cika ya karkata kwalbar, jinin ya gangaro tsararo kamar zoɓo.

Ya ja ni waje.

"Jinin mai lafiya da tuni ya daskare," in ji shi. "Dafin wannan macijin ba ya kayar da mutum nan take. Hana jini tsayawa yake yi. Mutum yana zaune yana hira, jini yana zuba a cikinsa."

"To a yi masa allura mana."

"Namu maganin ya ƙare tun makon jiya, kin san kaka ce. Na buga Kano, wanda na samu ba don macizan ƙasar nan aka yi shi ba, ba zan cuce ki ba. Na gaskiyar a wajen Gombe ake samunsa. Kuma a cikin ƙanƙara ake ɗauko shi."

Na tambaye shi kwana nawa muke da shi. Ya ce wani yana kwana uku, wani ba ya kwana ɗaya, kuma mahaifina ya haura saba'in, ga hawan jini. In son samu ne, maganin ya shiga jikinsa kafin rana ta faɗi.

Allah da ikonsa, ƙanena Siddiƙ a Gombe yake, a wani babban kantin magani yake aiki. Nan take na buga masa na ce ya nemo. Ƙarfe goma da rabi ya kira ni daga tasha, yana haki.

"Yaya, na samu kwalba uku, suna cikin filas da ƙanƙara. Ga Haladu nan, mutum ɗaya ya rage motarsa ta cika. Zan shiga."

Kowa a Gumel ya san Haladu. Shekara goma sha biyar yana jigila tsakanin garinmu da Gombe ta Haɗejiya, shi ke kai wa ɗalibai yaji da ƙuli, shi ke dawo da saƙon auren mutane. Na ce ƙarfe nawa za su iso. Na ji Siddiƙ ya tambaye shi, na ji muryar Haladu daga nesa yana cewa awa bakwai in Allah ya kiyaye hanya, biyar da rabi suna gida.

Awa bakwai. Na leƙa ta taga na ga Baba yana goge baki da gefen rawani, ya duba rawanin, ya naɗe wurin da sauri. Na ce wa Siddiƙ ya dakata. Na san akwai filin jirgi a Gombe, na san akwai a Dutse, don daga can maƙwabtanmu suka tashi zuwa aikin hajji. Na rubuta sunayen biyu a waya. Shafi ya buɗe, ga taswira, ga wani jan layi miƙaƙƙe daga wannan gari zuwa wancan, ga ɗan hoton jirgi a tsakiya. Kilomita ɗari biyu da arba'in. Lokacin tafiya: minti arba'in.

Nan take kaina ya shiga aikin da ya fi iyawa. Daga tasha zuwa filin jirgi minti arba'in, a sama minti arba'in, daga Dutse zuwa Gumel ta Gujungu awa biyu. Ko an ɓata minti arba'in wajen yankar tikiti, biyu da rabi yana nan. Awa uku cur na ƙwato wa mahaifina. Wallahi har wani daɗi na ji.

"Fito daga motar nan," na ce. "Ka tafi filin jirgi, ka hau na Dutse."

"Yaya, ni fa ban taɓa jin jirgin Dutse a garin nan ba."

"Kai me ka taɓa ji? Ga shi a gabana ina karantawa. Minti arba'in ne. Za ka zauna a mota awa bakwai kana cin gyaɗa ubanka yana zubar da jini?"

Siddiƙ magidanci ne mai 'ya'ya biyu, amma ni na goye shi, kuma bai taɓa koyon yi mini musu ba. Goggo ce, da ke tsugune a gefen baranda tana jin komai, ta ɗago kai.

"Juwairiyya, wannan jirgin, wa kika sani da ya taɓa hawansa?"

"Goggo, a rubuce yake."

"Ni dai abin da na sani, saƙo direban da ka san gidan ubansa kake ba. Ko kwalba ɗaya a bar wa Haladu mana."

"A cikin me? Filas ɗin ɗaya ne. Ba daddawa za a aiko ba, Goggo, ki bar ni in yi abin da na sani."

Ta ja mayafinta ta rufe baki. Ban taɓa yi mata magana haka ba, kuma ko a lokacin na san na yi rashin kunya, sai dai na ce a raina zan ba ta haƙuri in ƙura ta lafa. Ta waya na ji an rufe ƙofar mota, wani ya samu kujerar Siddiƙ.

Na shiga na faɗa wa Baba. Fuskarsa ta washe. Ya juya wajen mutumin gadon kusa, wani dattijo mai karyayyar ƙafa daga Gagarawa, ya ce, "Ka ji, a jirgin sama za a kawo mini magani. Malama ce ta duba. Minti arba'in kacal." Duk wanda ya shigo dubiya sai ya maimaita masa, har da mai shara.

Sha ɗaya da rabi waya ta yi ƙara. Na fita bayan ɗakin, wajen wata bishiyar maina.

"Yaya, babu shi."

"Ya tashi?"

"Babu shi kwata-kwata. Matar da ke yankar tikiti sai da ta sa na maimaita. Ta ce jirgin da ke tashi a nan yau ɗaya ne, Abuja za shi. In Dutse nake so ko Kano, sai na je Abuja na sake wani."

Na sake buɗe shafin. Jan layin yana nan, minti arba'in ɗin yana nan. Sai a lokacin na karanta ƙananan rubutun da ke ƙasa: nisan da ke tsakanin wurare biyu ne a miƙe, da lokacin da jirgi zai ɗauka in da zai bi. In da zai bi. Irin layin da nake ja wa yara a allo da rula ne, ba wanda ya taɓa tafiya a kansa. Ni da nake jan kunnen ɗalibai kullum a kan su karanta tambaya har ƙarshe.

"Na kira Haladu," in ji Siddiƙ. "Ya kusa Dukku. Ya ce zai lallashi fasinjoji su jira ni a can, in samu mota in same su. Zai kai awa ɗaya da wani abu."

"In ka bi shi, ƙarfe nawa?"

"Wajen bakwai."

"Na Abujan fa?"

"Sha biyu da rabi zai tashi. Akwai na Kano daga can ƙarfe biyu da rabi. Uku da rabi ina Kano, in ɗauki shata, biyar da rabi ina Gumel."

A lissafi jirgi ya ci da awa ɗaya da rabi, kuma da wannan na kafa hujja. Amma tunda na zauna faɗin gaskiya bari in faɗe ta duka. Ta tagar da ke bayana ina jin muryar Baba yana ba wani sabon baƙo labarin jirgi. Na hango kaina ina shiga ɗakin nan ina cewa na yi kuskure, maganar Goggo ce daidai, a motar Haladu za a kawo, kuma saboda ni an yi asarar awa ɗaya da rabi. Na kasa. Na ce wa Siddiƙ ya yanki tikitin Abuja, ya ce wa Haladu ya wuce.

Ban faɗa wa kowa ba. Na koma ciki na zauna kamar mutuniyar kirki.

Da azahar Goggo ta kawo buta da roba Baba ya yi alwala a kan gado. Ya kurkure baki ya tofar, ruwan ya fito ja. Ya sake kurkurewa, ya fi na farko. Audugar da aka manna inda aka ɗebi jininsa tun safe ta jiƙe sharkaf, an canza ta sau uku. Akwai wani tsohon rauni a ƙwaurinsa, inda lauje ya yanke shi makonni uku da suka wuce, ya riga ya warke har ya yi ɓawo. Ina kallo ɓawon ya tsage, jini ya fara tsattsafowa a hankali, yana bin ƙafar zuwa diddige. Ba ihu, ba ciwo, ba komai. Wannan shirun shi ya fi tsorata ni.

Ya idar da salla a zaune, ya dube ni.

"Malama, minti arba'in ɗin nan na wane gari ne? Na Ɗanzomo dai da tuni ya cika."

"Ba su tashi da wuri ba, Baba."

"Ashe shi ma lodi yake jira," in ji Goggo, ba ta dube ni ba.

Baba ya yi dariya, haƙoransa duk ja. Na fita da gudu.

Siddiƙ ya sauka Abuja lafiya, ƙarfe biyu saura. Na ce alhamdulillahi, na fara ƙirga sauran. Biyu da rabi ya kira ya ce an ɗaga tashin zuwa ƙarfe huɗu. Na tambaye shi dalili, ya ce ba a faɗa ba, an dai ce a yi haƙuri. Ƙanƙarar ta fara narkewa, yana bin masu sayar da lemo yana roƙon su sayar masa da tasu. Na sake lissafi: huɗu, biyar, bakwai. Daidai da motar Haladu in da ya jira. Na ce wa kaina ai ba a yi asarar komai ba. Ƙarfe huɗu da kwata ya sake kira, muryarsa ta canza. An ce shida.

Na zauna a kan wani dutse a gindin mainar, na buɗe taswira, wannan karon ta hanyar mota. Abuja tana can ƙasa, nesa. Da safe ƙanena yana awa bakwai daga mahaifinmu. Yanzu, bayan ya hau jirgi ya sauka, ya fi haka nisa, kuma a kan hanyar da mai hankali ba ya bi in duhu ya yi. Da hannuna na ɗauke maganin na kai shi can. Na yi ta karanta duk addu'ar da ta zo bakina, rabi ina haɗa wannan da waccan, zufa tana bin bayana ko da yake a inuwa nake.

Likita Abdulbaƙi ya same ni a wurin. Ya ce an ƙara masa jini leda ɗaya, amma kamar zuba ruwa ne a rariya muddin dafin yana jiki. Ya ce, "Ina mai kawo maganin ya kai?" Na ce yana hanya. Ya dube ni ɗan lokaci, ya tafi.

Bayan la'asar mutanen Ɗanzomo suka cika ɗakin. Har da Baffa Ɗantsoho, ƙanen Baba, mutum mai faɗa kamar ya ari baki, wanda tun asali bai ga amfanin barin 'ya mace ta yi zurfi a boko ba. Suna tsaye suna jajantawa, kowa yana satar kallon zanen gadon da ya ɓaci. Baba ya daina zama, ya kwanta, amma yana amsa gaisuwa. Kowane motsi a ƙofa sai kawuna su juya.

Biyar da minti ashirin aka yi sallama. Na san muryar kafin in ga mai ita. Haladu ne, da ƙurar hanya a gira, makullin mota a yatsa, ledar lemon zaƙi a ɗaya hannun. Ko biyar da rabin da ya yi alkawari ba ta cika ba.

"Baba, ya jiki? Yanzu na sauke fasinja, na ce bari in leƙo. Na san dai tuni an yi allura."

Ya dubi zanen gadon, ya dubi fuskokinmu, murmushinsa ya ɗauke.

"Siddiƙ bai iso ba? Subhanallahi. Ai sai da na ce zan jira shi a Dukku, har na tsaya na faɗa wa fasinjoji, wata tsohuwa ta ce ko awa uku ne a jira. Sai ya bugo ya ce in wuce, ta Abuja zai bi."

"Abuja?" in ji Baffa Ɗantsoho. "Wace Abuja? Ba Dutse aka ce mana ba?"

Haladu ya gane ya taka abin da bai sani ba, ya sunkuyar da kai. Ni kuwa idona yana kan hannunsa, a kan ledar lemon nan. A wannan hannun filas ɗin zai kasance. Da yanzu nas tana ɗaura ruwa, da yanzu maganin yana shiga jijiya.

"Tambaya nake yi!" Baffa ya ɗaga murya. "Ga mota a tsaye, ga direba ɗan gida, wane mai hankalin ne ya ce a bar ta a tafi Abuja? Wa ya yanke wannan shawarar?"

Ya san amsar, ni yake kallo. Duk ɗakin ni ake kallo. Tsoron da na wuni da shi na mutuwar Baba ne, sai ga wani ya hau kansa: na ga sauran rayuwata a garin nan, ina wucewa ana nuna ni da baki, ga wadda ta kashe ubanta da waya.

"Ni ne."

Muryar ta fito a shaƙe. Baba ya ɗaga lafiyayyen hannunsa, Goggo ta goge masa baki.

"Ni na ce. Malama ta ce a ba Haladu, na ce ban yarda ba. Na ce shekara saba'in ban taɓa hawa jirgi ba, ko maganina ya hau. Da aka ce sai ta Abuja ta dawo ta tambaye ni, na ce a bi. Ɗantsoho, in faɗa za ka yi, ga ni."

Baffa ya yi tsuru-tsuru. Ya ce, "Haba Yaya, kai ma da son abin mamaki," muryarsa ta karye, ya fita waje. Wani ya ce Allah ya kawo shi lafiya, aka amsa da amin. Na dubi Goggo. Tana matse tsumma a roba, ba ta ɗago ba.

Da aka kira magariba maza suka tafi masallaci, ɗakin ya rage daga ni sai Goggo sai mai karyayyar ƙafa yana barci. A lokacin saƙon Siddiƙ ya shigo, bai iya kira ba: an soke tashin, sai gobe ƙarfe bakwai na safe. Na durƙusa a gaban gadon na kifa kaina a kan katifa.

"Baba, ni ce. Babu wani jirgin Dutse, ban karanta da kyau ba. Da aka ba ni dama ta biyu kuma kunya ta hana ni. Ka bar ni in faɗa musu."

"Na sani tun azahar," in ji shi. "Fuskarki ba ta iya ɓoye abu, irin ta uwarki ce."

"To me ya sa?"

Ya ɗora hannu a kaina. Yana da zafi, yana da nauyi.

"Ni tafiya zan yi ko in tashi, duka biyun ba ruwana da bakin mutane. Ke ce za ki zauna da su. Kada ki ƙaryata ni a bayan idona, kin ji ko?" Ya lumshe ido. "Kaina ke ciwo, Malama. Kamar ana sara."

Na ruga na kira likita. Da ya ji an ce kai, ya haska idanun Baba da 'yar fitila, ban tambaye shi ba don na ga amsar a fuskarsa: jinin ya fara zuba a cikin kai. Kafin isha Baba ya daina magana. Ya cika washegari bayan fitowar rana, daidai lokacin da Siddiƙ ya turo cewa sun shiga jirgi.

Tafiyar tasu daga Abuja zuwa Kano ba ta kai awa guda ba. Siddiƙ ya iso Ɗanzomo wajen sha ɗaya, ana shirin ɗaukar makara, ya shiga sahu da filas ɗin rataye a kafaɗa don ya manta yana ɗauke da shi. Daren jiya sau huɗu yana sake ƙanƙara, bai runtsa ba, kwalaben suna nan da sanyinsu. Muka mayar wa likita. Bayan kwana biyu aka kawo wata Bafulatana daga wata ruga a bayan Sule Tankarkar, ita ma kububuwa. Aka ɗaura mata maganin, kafin la'asar jininta ya daskare a kwalba, ranar Litinin ta tafi gida da ƙafarta. Na yi mata murna, Allah ya sani, amma da na ji labarin sai da na shiga banɗaki na toshe bakina.

Na yi imani kwana in ya ƙare ya ƙare, ko a motar wa aka sako magani. Haka kowa ya yi ta faɗa mini a zaman makoki, kuma haka ne. Amma labarin jirgin ya riga ya zaga gari, mata suna shigowa suna maimaita shi, har da 'yar dariya cikin hawaye. Malam Ɗalha ke nan, ko a gadon asibiti sai ya yi abin da za a tuna. Siddiƙ da kansa ya same ni a zaure ya ce, "Yaya, ki yafe mini. A Abuja na yi ta jin haushinki a raina, ashe umarnin Baba kike bi." Na ce ba komai. Wannan kalmar ta fi duk abin da na taɓa haɗiya ɗaci.

Ranar uku, matar Baffa Ɗantsoho ta zo ta zauna kusa da Goggo. Mace ce mai bin diddigi, kuma na lura tun jiya take auna ni da ido. Ɗakin cike yake, ana rabon gumba.

"Ni fa Lauratu abin bai shige ni ba," in ji ta. "Malam da ko Kano ba ya son zuwa, shi zai ce jirgi? Ke kina wurin. Tsakaninki da Allah, shi ya faɗa?"

Hirar ɗakin ta tsaya. Goggo ba ta yi mini magana ba tun ranar Laraba in ban da amsa gaisuwa. Mace ce da ban taɓa jin ta yi ƙarya ba, ko irin ta wasa da ake yi wa yara, kuma ita na ce wa ba daddawa za a aiko ba.

Ta gutsuri gumba ta ajiye a faifai. Ta kakkaɓe hannu.

"A gabana ya faɗa," in ji ta. "A gaban mijinki ma ya faɗa. Je ki tambaye shi."

Matar ta ce to, Allah ya jiƙansa. Hira ta ci gaba. Goggo ta miƙo mini faifan ba tare da ta dube ni ba, ta ce in kai wa baƙin da ke tsakar gida, kuma in gyara ɗankwalina, ya zame.